Fetur a Rijiya Ta Huɗu

Shafi na 27

Da sunan Allah mai rahama. Jama'ar gidan nan, na ga saƙonninku, har da mai cewa in ban saki shafin yau ba za ta taso ta zo Sinaparu ta zauna min a ƙofa. Ki zo, akwai doya. Ku gyara zama.

*

Sau uku Nyanki tana jefa gugan gwaji cikin rijiya ta huɗu, sau uku yana fitowa da abu ɗaya.

Gugan wani siririn bututun roba ne garai-garai, tsawon hannu, ɗaure da igiya. Ta ɗaga shi saitin hasken hantsi. A ƙasa ruwa ne fari tas. A samansa kuwa wani abu ya kwanta, kaurin yatsa biyu, ya ƙi haɗuwa da ruwan.

Ba sai ɗakin gwaje-gwaje na Paraku ya faɗa mata ko mene ne ba. Hancinta ya riga ya faɗa.

Baba Zime, tsohon da ke kula da ɗakin famfon garin tun ranar da aka gina shi, yana tsaye a bayanta riƙe da murfin rijiyar. Ya miƙo wuya ya shinshina, ya ja da baya.

"Madam Ruwa, wannan ai in na ɗura wa babur ɗina sai ya kai ni Nikki ya dawo da ni."

Ba ta yi dariya ba.

"Baba, riƙe min kwalbar nan."

"Yau ba wasa ke nan."

"Babu."

Ta tsiyaya ruwan a kwalba biyu, ta rufe, ta rubuta kwanan wata a jikin kowace. Ɗaya ta sa a kula mai ƙanƙara. Ɗayar ta jefa a aljihun rigar aikinta, ita kanta ba ta san dalili ba tukuna.

Rijiyoyin gwaji biyar ofishin ruwa ya haƙa, 'yan sirara, bakin kowace bai fi na kofi ba, suka kewaye babbar rijiyar burtsatsen da duk Sinaparu ke sha. Aikin Nyanki ne ta zagaya su duk farkon wata. Wata takwas ke nan da haƙa su, tun da rijiyar gidan wani tela ta fara warin fetur. A lokacin wuri ɗaya kowa ya nuna, gidan man Alaja Morenike, Bayarabiyar da ta shekara talatin a garin. Aka rufe mata wurin, aka ɗaure famfunan da sarƙa. Rijiya ta ɗaya da ta biyu da ta uku duk gidan man suke kallo, kuma wata takwas ɗin nan ruwansu tsaf yake fitowa.

Ta huɗu kuwa tana gabas, a gindin tudu. Cike gurbi kawai aka yi da ita.

"Alaja ce dai har yanzu?" Baba Zime ya tambaya, idonsa a kan murfin.

"Baba, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma gangara yake bi, kamar na sama. Daga tudun can yake saukowa, ya bi ta ƙarƙashin ƙafarmu, ya nufi babbar rijiya, sannan ya wuce wajen Alaja."

"To?"

"To man Alaja ba zai hawo tudu ba. Ba shi da ƙafa."

Ta ɗaga kai. Gida uku ne a kan tudun. Na shugaban makaranta, wani kango da ba a gama ba, sai mai koren ƙofa, wanda aka haife ta a cikinsa.

Tsohon ya duƙa yana ta kiciniyar ɗaura murfin da tuni ya zauna daidai.

"Baba."

"Na'am."

"Kalle ni."

"Idona ba ya son rana."

"Ka san wani abu."

"Ni famfo aka ba ni gadi, 'yata. Ƙarfe biyar in kunna, ƙarfe goma in kashe. Iyakar karatuna ke nan." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Amma da ni ne, kafin in rubuta komai a takardar nan, sai in hau in gai da Bona mahaifiyarki. Uwa ce, ana gaishe ta."

Nyanki ta rufe kular. Ta juya ta dubi ɗakin famfo. Mita sittin ne tsakaninsa da rijiyar nan, ita ta auna da hannunta. A zafin bazarar nan kuma famfon ba ya hutawa, zuƙa yake yi daga kowane ɓangare. Duk abin da ke kwance a nan, can za shi.

"Je ka kashe famfo."

"Yanzu? Kin ga layin kuwa? Robobi har bakin titi. Asibitin haihuwa ma ba su ɗiba ba."

"Ruwan da ke tankin sama na jiya ne, na duba shi da safe, lafiyarsa ƙalau. A fara ba asibiti. Sauran a raba, kowace mace roba ɗaya."

"Gobe fa?"

"Gobe sai madatsa, kafin a turo motar ruwa."

"Kilomita huɗu, a ranar nan! Za su zage ki har kakanki."

"Su zaga. Ka ce Madam Ruwa ce ta ce."

"Da ma ai ba zan ce ni ne ba. Ina son sauran gashin kaina."

Ya tafi yana ɗan ɗingishi. Ba a jima ba ƙarar injin ta tsaya, sai hayaniyar mata ta maye gurbinta.

Ta kira Shef Tamu, shugabanta a ofishin ruwa na yanki.

"Shef, na kashe famfon Sinaparu. Fetur a rijiya ta huɗu, yatsa biyu."



"Ta huɗu? Kin tabbata ba lamba kika rikita ba?"

"Sau uku na ɗiba."

"To daga ina?"

"Ba ni zuwa azahar."

"Nyanki, gari guda kika bari ba ruwa."

"Na sani. Zuwa azahar, Shef."

*

Inna Bona tana ƙarƙashin rumfa, ta miƙe ƙafarta mai ciwo a kan tabarma, tana tsamo dafaffiyar doya daga tukunya tana jefawa a turmi. Miyar gyaɗa na tafasa a murhu, da jajayen yankan wagasi, cukun nonon shanu, a ciki.

"Kin zo a daidai. Ɗauki taɓarya, kafaɗata ta ƙi."

Nyanki ta durƙusa ta gaishe ta. Ta wanke hannu. Kafin ta ɗauki taɓaryar sai ta ciro kwalbar daga aljihu, ta ajiye a kan kujerar tsuguno, kusa da gwiwar uwar.

Inna Bona ta kalli kwalbar sau ɗaya. Ta ci gaba da tsamo doya.

Nyanki ta fara daka. Tim. Tim. Uwar na tsoma hannu a ruwa tana juya sakwarar tsakanin bugu da bugu, kamar yadda suka saba tun tana yarinya. 

"Na ji injin ya tsaya," in ji Inna Bona.

"Ni na sa aka kashe."

"Uhm."

"A gindin tudun nan na ɗebo wannan, Inna."

"Daka nan gefen, akwai gudaji."

Ta daka gefen. Sannan ta jingine taɓaryar, ta zauna a ƙasa.

"Inna, rijiyarmu ta tsakar gida. Wadda aka cike ina aji biyu a sakandare."

"Me ya same ta?"

"Kin ce akuya ce ta faɗa ta ruɓe a ciki."

"Haka na ce."

"Akuyar wa?"

Inna Bona ta ɗauraye hannunta a kwano, ta goge a zani. Ta ɗauki kwalbar, ta buɗe, ta kai hanci. Ta rufe idonta. Da ta buɗe su, ba 'yar take kallo ba, wani ɗaki take kallo can ƙarshen gidan, mai rufin kwano, inda ake ajiye doya.

"Ranar da kika dawo daga Paraku kika ce ilimin ruwa za ki karanta, ban yi barci ba. Na san wata rana za ki shigo gidan nan da kwalba."

"Faɗa min."

"Ba akuya."

"Na gane wannan."

"Kin tuna lokacin da babanki yake kpayo?"

Ta tuna. Wa zai manta da kpayo, fasa-ƙwaurin fetur? Baba Sero da babur ɗinsa mai faɗin tanki, yana tsallaka iyaka ta daji yana ɗauko fetur, matasa na zuwa da manyan kwalabe suna sara su kai bakin titi. Rabin garin da kpayo suka yi rufin kwano.

"Jarkoki yake tarawa har ɗakin kwananmu," in ji uwar. "Ke da ƙannenki kuna barci, mai na ƙarƙashin gado. Wata rana fitila ta faɗi, saura kaɗan. Na ce masa, Sero, ko ka fitar da man nan daga ɗaki, ko in kwashe 'ya'yana in koma gidanmu. Ni na faɗa. Kada ki ɗora masa shi kaɗai."

"Sai ya yi me?"

"Sai ya samo tsohon tanki na ƙarfe, wanda wani kamfanin hanya ya yar. Suka haƙa rami a ɗakin doya, shi da mutum uku. Aka ce wa maƙwabta masai ake yi."

"Baba Zime na cikinsu."

"Shi ya riƙe igiya."

Nyanki ta sauke ajiyar zuciya.

"Shekara uku lafiya lau. Sai wata safiya na dafa shayi da ruwan rijiya, babanki ya kurɓa ya tofar. Ya ce, Bona, kin wanke butar nan kuwa? Na ce shinshina gugan. Ranar bai fita ba. Ya kwashe man duka ya sayar, ya rufe bakin tankin, muka cike rijiyar. Ya ce in damina ta wuce zai tono shi ya fitar."

"Bai tono ba."

"Damina ba ta wuce ba mota ta buge shi a hanyar Caworu. Ke kin sani."

Miyar ta fara kamawa. Nyanki ta tashi ta sauke tukunyar, ta dawo ta zauna inda take.

"Shekara goma sha uku, Inna."

"Ina ƙirgawa."

"Da aka haƙa babbar rijiya a gindin tudun nan, kina gani."

"Ina gani. Na ce ai tankin ba komai a ciki."

"Da rijiyar tela ta yi wari fa?"

Inna Bona ta kau da kai.

"Ranar taron filin makaranta kina layi na biyu. Na gan ki. Alaja na tsaye a gaban jama'a, ana ce mata mai sa wa yara guba. Wani ya jefe ta da ledar ruwa, ta fashe mata a mayafi. Ni kuma na miƙe da takarda a hannu na ce gidan manta ne kaɗai wurin da ke da tanki a ƙasa a duk garin nan. Da bakina na faɗa, Inna. Kina zaune."

"Ina zaune."

"Ita ta riƙe miki hannu ranar da kika haife ni. Ke kika ba ni labari."

"Ita ce."

"To yaya kika iya?"

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi.

Inna Bona ta sunkuyar da kai tana murza gefen zaninta.

"Na ce a raina wataƙila nata ne. Ai ita ma tana da tanki. Kullum in na kwanta haka nake faɗa wa kaina, wataƙila nata ne. Duk Juma'a ina soya wagasi in aika mata. Ban taɓa iya kai mata da kaina ba."

"Tana karɓa?"

"Tana karɓa, har ta aiko da godiya. Wannan godiyar ita ta fi ci min rai."

Wata kaza ta matso kusa da turmin. Ba wanda ya kore ta.

"Me za su yi mana?" uwar ta tambaya.

"Za a fasa ɗakin, a tono tankin, a kwashe ƙasar da ta sha mai. Za a haƙa wasu rijiyoyin a zuƙe abin da ya gangara. Zai ɗauki watanni. Wataƙila jandarma su kira ki ki yi bayani."

"Babbar rijiyar fa? Ta mutu?"

"Ban sani ba tukuna. Tana da zurfi, mita tamanin. In mun tare shi da wuri za ta iya tsira. Shi ya sa na kashe."

"Gari zai yi magana."

"Zai yi."

"Sunan ubanki."

"Baba ya tafi, Inna, Allah ya ji ƙansa. Masu shan ruwan suna nan. Jikokinki ma shi suke sha."

Inna Bona ta daɗe tana kallon sakwarar da ta fara sanyi a turmi. Sannan ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Kira shi."

"Wa?"

"Shef ɗin naki. Kira shi a gabana, kada in sake tunani."

Nyanki ta ciro waya. Ta danna lambar Shef.

"Shef, ba gidan man Alaja ba ne. Gidanmu ne. Akwai tsohon tanki binne a ɗakin doya, na mahaifina, tun zamanin kpayo."

Ta ji ya ja kujera.

"Gidanku na haihuwa?"

"E."

"Kin san me kika faɗa kuwa? A rubuce zai shiga."

"A rubuta."

"To. Ina tafe. Zan biya in ɗauki jandarma biyu, dole a yi a gabansu a rufe wurin. Ba don in tozarta tsohuwa ba, ƙa'ida ce."

"Na sani, Shef."

"Minti arba'in. Kada kowa ya taɓa komai."

Ta ajiye wayar. Inna Bona ta share ido da bakin ɗankwali.

"In sun gama ki raka ni gidan Alaja. Da ƙafata zan je, ko da rarrafe."

"Zan raka ki."

"Mulmula mana sakwarar, kada baƙi su zo su same mu da yunwa."

Nyanki ta sa hannu a turmi, ta mulmula ɗaya, ta tsaya.

Wani abu ne ya ƙi kwanta mata. Tankin da aka kwashe shekara goma sha uku, abin da ya tsiyaya a da ya isa ya bar wari, ya isa ya ɓata rijiyar tela. Amma yatsa biyu na mai kwance a kan ruwa, a rijiyar da watan jiya ba komai?

"Inna, kin tabbata Baba ya kwashe duka?"

"A gabana. Har tsumma ya ɗaura a sanda ya goge gindin."

"Ina so in gani kafin su iso. Ina makullin?"

"Na gaske yana wajen Kora."

Nyanki ta ɗago.

"Kora mijina?"

"Kina da wani Koran? Tun daminar bara ya roƙi ɗakin, yana tara doyar da yake kaiwa Kutonu. Shi ya gyara rufin ma, ya sa sabon kwado. Bai faɗa miki ba?"

"Ya ce yana ajiye kaya a nan wani lokaci."

"Ni dai da ƙafar nan ban leƙa ba tun lokacin. Duba bayan tulu, ya bar min ɗaya saboda tsaro."

Makullin na nan, rataye a ƙusa, ko tsatsa bai yi ba.

Suka nufi ƙarshen gidan, uwar na dogara kafaɗarta. Kwadon ya buɗe ba gardama. Tana tura ƙofar wari ya dake su, mai kauri, irin wanda ke hawa kai.

Nyanki ta tare uwar da hannu.

"Tsaya nan. Kada ki shigo."

Ta koma da sauri ta sheƙa wa murhu ruwan bokiti, ta tsaya sai da garwashin ƙarshe ya mutu. Ta bar wayarta a kan tabarma, sannan ta dawo.

Doyar da ke ɗakin ba ta fi ashirin ba, an jera ta kusa da ƙofa yadda mai leƙowa zai gani. Daga baya an shimfiɗa tampol. Ta ja shi gefe. Ga dogon tiyo a naɗe, ga mazurari, ga wani faifan ƙarfe a ƙasa, zagaye, an shafe bakinsa da giris.

Ta sa hannu ta murɗa. Ya juya a sauƙaƙe.

"Me kika gani?" uwar ta tambaya daga ƙofa.

Nyanki ta ɗage faifan gefe. Ta ɗauki wata doguwar gora da ke jingine a bango, ta zura a hankali har ta taɓo gindi. Ta ƙirga biyar, ta zaro.

Gorar ta jiƙe fiye da tsawon hannunta.

Ta fito da ita waje cikin haske. Ta shafa yatsa. Abin ya yi mata sanyi a fata, kafin ta ɗaga hannun ya bushe.

"Inna, man da ya shekara goma sha uku baƙi yake yi, ya yi danƙo, warinsa kamar na tsohon fenti."

"Wannan fa?"

"Wannan bai kwana bakwai a nan ba."

Inna Bona ta dafa bango.

"Innalillahi... A cikin tankin da ke yoyo?"

"A cikinsa."

"Ai na faɗa masa! Ranar da ya karɓi ɗakin na ce, Kora, akwai abu a ƙasa, na surukinka ne, a fashe yake, kada ka kusance shi. Ya ce to, Inna."

"Kin faɗa masa a fashe yake?"

"Da bakina."

Nyanki ta jingine gorar. Ta zauna a kan dakalin ɗakin. Shekara shida da aurensu. Mutum ne marar hayaniya, ba ya dawowa daga tafiya hannu wofi. Duk farkon wata shi yake ɗaura mata kular gwaji a bayan babur, ya ce Allah ya sa a samu ruwa lafiya. Da dare ya tambaye ta, yau wace rijiya ce ta nuna wani abu? Ta ɗauka kulawa ce.

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Ba ta ofis ba ce. Nyanki ta san tarin injin nan ko cikin barci.

Koren ƙofar ta buɗe. Kora ya shigo da sallama, ledar burodi a hannu.

"Inna, ina wuni? Na ji an ce famfo ya..."

Ya ga ɗakin a buɗe. Ya ga gorar. Ya ga matarsa.

Ya ajiye ledar a kan turmi a hankali.

"Nyanki."

"Na'am."

"Ba yadda kike tunani ba ne."

"Yaya nake tunani?"

"Na liƙe wurin. Na kawo mai walda daga Nikki, ya duba, ya ce ya toshe."

"Wuri ɗaya ya toshe. Ƙarfen da ya shekara goma sha shida a ƙasa, Kora."

"Doya ba ta tafiya bara, ke ma kin sani. Na ce wata uku kawai."

"Wata nawa yanzu?"

Ya kalli ƙasa.

"Kora," in ji Inna Bona, muryarta can ƙasa, "ba na ce maka ba? Ɗana na ɗauke ka."

"Ki yafe ni, Inna."

A kan tabarma wayar Nyanki ta fara ƙara. Su uku suka juya suka kalle ta. Ta tashi ta je ta ɗauka. Sunan Shef Tamu ne.

"Wa ke nan?" Kora ya tambaya.

"Shef. Yana tafe da jandarma."

"Ke kika kira su?"

"Na ɗauka laifin mamaci zan nuna musu."

Ya tako ɗaya, ya tsaya.

"Ba ni awa biyu. Awa biyu kawai, Nyanki. In kawo mota in zuƙe, su zo su samu tanki wayam, kamar yadda Inna ta faɗa. Ba wanda zai sani. Ce musu tsohuwa ba ta da lafiya, su dawo gobe. Don 'ya'yanmu."

Wayar na ta ƙara a hannunta.

Ta kalli uwarta. Inna Bona ba ta ce mata yi ba, ba ta ce mata bari ba. Ta dai zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da tafin hannu.

Nyanki ta danna, ta kai kunne.

"Mun shigo gari," in ji Shef Tamu. "Muna bakin kasuwa. Wace kwana ce?"

Idonta cikin na mijinta ta amsa.

"Ku yi dama, Shef, ku hawo tudu. Gida na uku. Kada kowa ya shigo da taba, tankin a cike yake."

Ta kashe.

Kora ya daɗe a tsaye. Bai yi faɗa ba, bai nufi ƙofa ba. Ya cire hularsa ya share goshi, ya zauna a kan kujerar tsuguno kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya.

"To tunda haka ne," ya ce, "ki sake kiransa. Ce masa jandarma biyu ba za su isa ba."

"Me kake nufi?"

"Tankin ba ɗaya ba ne."

Nyanki ta tako kusa da shi.

"Ina ɗayan?"

Daga ƙasan tudu aka fara jin ƙugin mota tana hawowa.

"Ɗayan ba nawa ba ne," in ji Kora. "Kuma ya fi wannan kusa da rijiyarku."